Haliru ɗan Alu Mai Shela, da sunan da aka sayar wa 'yan caca

Haliru ya rasu.

Da safen nan na tayar da mashin zan tafi makarantar da nake koyarwa a nan Kalgo, sai ƙaninsa ya bugo. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Malam Garba, sai haƙuri, abokinka ya cika bayan asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zama na yi a kan dakali, mashin yana ta kuka shi kaɗai, na kasa miƙa hannu in kashe shi.

Ga wanda bai san shi ba, Haliru mutumin Dodoru ne a ƙasar Gwandu, abokina tun muna sakandare. Mahaifinsa, marigayi Alu, shi ne mai shelar garin. In saniya ta ɓata, ko an yi rasuwa, ko za a fita gayya, muryar Alu za ka ji tana zagaya unguwa. Da tsohon ya kwanta dama, Haliru ya ɗauki aikin ya kai shi intanet. Ya buɗe shafi, ya sa masa sunan mahaifinsa.

Babu siyasa a ciki, babu tsegumi. Rasuwa ce, da suna, da ɗaurin aure, da cigiyar dabba, da labarin ruwan farko in ya sauka a Masama. Mutanenmu da ke Legas da Fatakwal da shi suke karya kumallo.

Bai taɓa saka rasuwa ba sai ya tabbatar. Ya gwammace ya hau mashin ya je har ƙofar gidan. Yakan ce, "Ba a kashe mutum da an ce."

Ranar da mahaifiyata ta rasu, shi ya sanar, sannan ya ɗauro tabarmi a bayan mashin tun daga Dodoru ya zo ya zauna da mu har aka tashi makoki.

Na tuna wani dattijo daga Wurogauri da shanunsa suka ɓace. Haliru ya zaunar da shi, ya tambayi launin kowace da tsagar kunnenta, ya saka. Da aka gan su, dattijon ya kawo masa ƙwaryar nono. A nan take Haliru ya sa aka kawo ludayi, duk wanda ke wurin ya sha.

To, yanzu bari in zo kan waɗancan.

Akwai wani kamfani a birni da ke kiran kansa jaridar intanet. Ba zan faɗi sunansu ba, ba zan yi musu talla kyauta ba. Jarida dai a baki. Aikinsu kwafo labarin wani su manna, su ɗora masa kanun da zai tsinka maka zuciya, ka buɗe ka tarar da iska. Rabin labaran ƙasar Gwandu da suke taƙama da su daga shafin Haliru suke ɗebowa, ko na gode babu.

Da abin bai ishe su ba, sai suka ƙara da sana'ar sayar da sunan shafi, wato adireshin nan da kake bugawa a waya shafi ya buɗe, wanda ake kira domen. Wurinsu Haliru ya nemi nasa.

Wakilinsu ya zo Dodoru da kwat a tsakiyar bazara, gumi na bin wuyansa, yana ta jefa Turanci inda ba a tambaye shi ba.

Shi kuwa Haliru, yadda ya ga ana sayen gona haka ya yi. Ya kira liman da mai unguwa, ya kira ni, ya sayo goro. Ya dubi mai kwat a gabanmu ya ce, "Sunan ga na saya. Ka sallama?"

Mai kwat ya ce, "Na sallama."

Aka raba goro, liman ya yi addu'a, aka shafa. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. Abin da aka sallama a gaban shaidu naka ne, har jikanka ya gada.

Mai kwat ya ci goronmu, ya shafa fatiharmu, alhali ya san sunan shafi haya ce da ake sabuntawa duk shekara. Ya kuma san a gurbin mai shi, sunan kamfaninsu suka sa, ba na Haliru ba. An dai ba kura ajiyar nama, har da yi mata addu'a.

Duk shekara sukan karɓi abin da suke kira kuɗin kula da shafi, yana ba su da hannu biyu. Suka yi shiru suna kallo har shafin ya yi jama'a. Sai wata safiya aka buga sunan Alu a waya, ƙwallo ta fito tana juyi, da rubutu ja wai saka kaɗan ka kwashi da yawa. Sun sayar wa 'yan caca.

Kun san abin da Haliru ya yi? Liman ya ɗauka a mota suka tafi ofishinsu, wai ga shaida. Bawan Allah! Aka bar su a benci tun hantsi har azahar. Da manajan ya ga dama ya fito, yana latsa waya ya ce wa liman, "Baba, nan ba a aiki da shaidu."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Inda babu kunya me za a yi da shaida?

Ganina da shi na ƙarshe a nan Kalgo ne, kwanakin baya, wurin mai shayin bakin titi. Ya dawo daga asibiti, ciwon ya ci shi, rigar ta yi masa yawa. Duk da haka sai da ya tsokane ni, wai mutumin Kalgo ba ya sayen shayi sai ya ga baƙo mai aljihu.

Na ce masa ya haƙura ya buɗe wani shafin da sabon suna, mutane za su biyo shi.

Ya daɗe yana juya cokali. Sannan ya ce, "Garba, ba shafin ad damuwata ba. Sunan tsoho na. Mutumin da ko dara bai zama kallo, yau da sunanai aka kiran yara caca. Mi za ni ce mishi in munka gamu?"

Na ce ya sha shayinsa kada ya huce.

Ban ce su suka kashe shi ba. Kwana ne ya ƙare, kuma ciwonsa daban. Amma da wannan baƙin cikin ya tafi, ni shaida ne.

Ɗazu kuma aka turo mini abin da ya sa na kasa yin shiru. Kamfanin ya saka ta'aziyya. Hoton Haliru, da tambarinsu ɗaram a kan ƙirjinsa, wai sun yi rashin gwarzon abokin hulɗa. Sunan garinsu ma ba su rubuta daidai ba. A ƙasan hoton kuma ga talla: mallaki sunan shafinka yau.

Mallaki! Tir da wannan hali. Ko ɓarawon akuya yakan ji nauyin zuwa gaisuwa gidan da ya yi wa sata.

Kawunsa da ke Fatakwal ya kira ni yana kuka. Tsoho ne, bai san abin da ya faru ba. Ya buɗe shafin don ya ga lokacin jana'iza, caca ta tare shi. Na san da yawa yau haka za su yi, kuma duk buɗewa ɗaya riba ce ga masu cacar. Har gawarsa sai an ci da ita.

Don Allah kada ku buɗe. Kada ku tura ta'aziyyarsu, ko don zagi. Ga shelar nan, ni zan yi ta:

Allah ya yi wa Haliru ɗan Alu rasuwa. Za a yi jana'iza bayan sallar azahar a Dodoru, ƙofar gidansu. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ya Allah ka gafarta wa Haliru, ka yalwata kabarinsa, ka dubi bayansa, ka ba iyalinsa haƙuri. Ka sada shi da tsohonsa cikin rahama, ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Mu da muka ci goron nan mun shaida, bai sayar da sunan ubansa ba.

Wanda ya karanta, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Ya haɗa da Alu.