Haƙoran Tsoho a Ɗakin Wanki

A asibitin nan ɗakin wanki yana can baya, kusa da inda ake ƙona shara. Babu mai leƙowa sai wanda wani abu ya ɓace masa. A nan Mama Allura ta ƙarar da ƙuruciyarta, tsakanin tururi da warin bilic, har tafin hannunta ya koma kamar busasshiyar fata. Ta sami sunan ne saboda allurar da kullum take soke a gefen ɗankwalinta, da zare a jiki.

Mijinta direban babbar mota ne, ya fita wata safiya bai dawo da ƙafarsa ba. Da wankin zannuwan marasa lafiya ta riƙe 'ya'yansu har suka zama mutane. Ba ta iya wa'azi ba, a coci ma bencin baya take zama. Amma tana da wani hali: komai ƙanƙantar abu sai ta gaya wa Allah. Zare ya ƙi shiga allura, sai ka ji ta ce, "Yesu, idona ya gaji, ka kama mini." Hadari ya taso ga shanya a waje: "Uba, ɗan jinkirta mana." Wata rana ruwan ya jinkirta, wata rana ya jiƙe komai. Ko wanne ya faru, naɗe hannun riga take yi ta ci gaba da aiki.

Abokin aikinta Dogo, mai kula da injinan wanki, shi kam gwanin addu'a ne. Idan aka ba shi addu'a a kan abinci, sai ya zaga duniya kaf, abincin ya huce. Wannan hali nata yana ba shi haushi.

"Mama, ki riƙa jin kunyar Ubangiji mana. Ga yaƙe-yaƙe, ga yunwa, ke kina kai masa ƙarar zare!"

"Ya taɓa aiko ka ka ce mini ya gaji?"

Aikinta a tsare yake. Kowane zanen gado da rigar matashi sai ta kakkaɓe kafin su shiga inji. Rigar matashin da ta yage kuwa, dokar wurin a jefa ta cikin tsumma. Ita ba ta yarda. Ko kakkaɓewa ba ta yi, sai ta cilla a wani kwando ƙarƙashin tebur, in an tashi aiki ta ɗinke. Babu wanda ya sa ta, babu mai gode mata.

Wata rana da azahar wata mata ta shigo, idonta jawur.

"Sannunku da aiki, Mama. Don Allah ko kun tsinci haƙora?"

Dogo ya shaƙe da dariya. Mama Allura ta harare shi, ta tura wa matar kujera.

Matar ta ce mahaifinta ne a kwance a ɗakin maza, tsohon tela mai son tsafta da kwalliya. Jiya da za a kai shi hoto, ya cire haƙoransa na roba, ya naɗe a hankici ya cusa cikin rigar matashi. Kafin ya dawo an canza shimfiɗa. Tun daga lokacin ya rufe baki da mayafi, ya juya wa bango fuska. Ko abinci mai ruwa-ruwa ya ƙi, wai ba zai buɗe baki fayau a gaban jama'a ba. Sai yau ya faɗi inda ya ɓoye su. Likita ya ce in bai ci ba zuwa gobe, za a zura masa roba ta hanci. Sababbin haƙora kuwa sai an yi makonni.

"Kayan jiya?" in ji Dogo. "'Yar'uwa, sun sha ruwan zafi. In ma suna ciki, sun zama gari."

Mama Allura ta runtse ido a tsaye. "Uba, ka san inda haƙoran bawanka suke. Mu ba mu sani ba. Nuna mana."

"Yau kuma haƙoran roba?"

"Wanda ya yi na gaske, na roba ba za su yi masa ƙanƙanta ba. Ka yi shiru ka buɗe mini matatar injin nan."

Suka duba matata, gashi ne da maɓallai. Suka warware duk abin da aka ninke, ɗaya bayan ɗaya, har Dogo ya daina tsokana ya jiƙe da gumi. Babu. Matar ta yi godiya da muryar da ba ta fita sosai, ta koma wurin mahaifinta.

Da aka tashi aiki Dogo ya ɗauki jakarsa. Ya fita ya bar ta. Bayan Mama Allura yana sara, kamar jiya da ta tafi gida ba ta yi ɗinki ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ranta babu daɗi.

"To, Uba, na roƙa. Sauran naka ne."

Sai ta dawo ta jawo kwandon, don aikin da aka bari ba ya ɗinke kansa. Ta zaro allura. Rigar matashin da ta fara ɗauka ta ji ta da nauyi a kusurwa. Ta zura hannu ta wurin yagewar, ta fito da ƙullin hankici.

Ta kwance shi, ta tsaya tana kallon haƙoran a tafin hannunta, suna mata murmushi. Da rigar ba ta yage ba, da ita da kanta ta kakkaɓe ta a gurguje, wataƙila ƙullin ya maƙale ya bi ruwan zafi. Ta yi dariya ita kaɗai har da hawaye.

"Dogo! Dawo, kafin ka kai bakin titi!"

Ya dawo, ya duba, ya buɗe baki. A karon farko a rayuwarsa addu'arsa ta zama gajeriya. "Kai, Yesu!"

Ta wanke su tas ta hau sama da su a kofi. Tsohon ya karɓa ta ƙarƙashin mayafi, aka ji ƙas. Ya yaye mayafin, ya gyara wuyan rigarsa, ya dubi 'yarsa.

"Ke, wannan ruwan da kuke ce wa abinci, kai wa likitan ya sha. A samo mini nama."

"Baba, ka gode wa Mama tukuna!"

Ya ƙare wa Mama Allura kallo, idonsa ya tsaya kan ɗankwalinta. "Na gode, ƙanwata. Amma wannan allurar ta yi wa zaren nan girma. In na fita zan aiko miki da mai kyau."

Ta bar shi yana tauna burodi, ta sauko ɗakin wanki. Dogo bai tafi ba. Yana durƙushe a gaban tarin tsumma, yana tsamo yagaggun rigunan matashi yana jefawa a kwandonta.