Gas ɗin da na bari a kunne

Jiya gobara ta tashi a gidan da nake aiki a unguwar Shisha. Kowa na cewa ƙaddara ce, alhali ni na bar gas a kunne. Tun jiya sai tuna marigayiya gwaggona nake.

Na taɓa ƙona mata shinkafa a gidanta a unguwar Tandabawi, na ce haka Allah ya rubuta. Tana kankare ƙanzo cikin ƙauri, ta yi dariya. "Lokacin da nake Jos, maƙwabtana Kiristoci ma sun sha wannan gardamar ta ƙaddara. 'Yar nan, Allah ya san za ki manta, amma saninsa bai ɗaure miki hannu ba."

Yau zan faɗa wa matar gidan gaskiya, ko da za ta sallame ni. Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo, ya ba ni irin zuciyarki.