Hitar Banɗaki da Ruwan Jego

Shekarar da mutane suka yi ta kwararowa Yola daga garuruwan arewacin jiha suna gudun rikici, muna haya ne a saman bene a Alkalawa, ciki biyu da falo. Ni ina koyarwa a wata sakandare, maigidana kuma aiki ya kai shi Jalingo, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Wata safiya aka buga ƙofa, na buɗe na ga Goggo, ƙanwar mahaifinmu, da matar ƙanena da tsohon ciki, da wasu dangi da rabona da su tun bikina. Ƙanen nawa ba ya cikinsu. Shi ya sa su a mota, ya ce zai koma ya kulle shago ya biyo baya. Tun daga nan wayarsa ta daina shiga.

Ba a jima ba matar ta haihu, aka samu mace. Goggo ta ɗaura ɗamarar jego. A garinmu da tukunya ƙatuwa za a girka a tsakar gida, a jibga itace, amma mai gidan hayar ya hana hura wuta a bene. Sai hitar banɗaki ta rufa mana asiri. Wata farar aba ce mai kama da tulu manne a bango, wadda a da ba ma ko kallonta, don zafin Yola kaɗai ya isa ya dafa ruwan tanki. Goggo ta fara da raina ta. Da ta ga tururi na tashi daga bokiti sai ta jefa ganyen darbejiya a ciki.

Ana saura kwana kaɗan suna, da sassafe na ji muryarta daga banɗaki.

"Ke, zo ki ga abin naku. Ruwa kamar na randa."

Na sa hannu a ƙarƙashin shawa. Sanyi ƙalau. Na murɗa famfon zafi har ƙarshe, ya yi tari, ya tofar da iska, ya yi shiru.

"A kira mai gyara mana," in ji Goggo.

Na kira. Mai gyaran da muka sani ya tafi kwaso iyayensa, bai san ranar dawowa ba. A lokacin kowa yana da wanda yake nema.

An rufe makaranta, ba inda zan je, kuma zama ya gagare ni. In na zauna sai in ɗauki waya in kira lambar ƙanena, in ji matar nan ta kamfanin waya tana cewa ba a samunsa, in ajiye, in sake ɗauka. Mai jego kuwa duk motsin da na yi idonta na kan hannuna. Don haka na ɗaure ɗankwali na ce ni zan duba.

Na fara da makunni. Jar fitilarsa na ci, wato akwai wuta. Na hau tsani zuwa kan rufi na buɗe tanki, na tarar da shi wayam, sai laka a gindi. Gidan da ya saba da mutum biyu yanzu ya cika maƙil, ruwan da ke kai mu kwanaki ba ya kai yamma. Na sauka na kunna injin bohol, na tsaya ina jin ruwa na hawa, ina duba waya. Famfon ya dawo da gudu. Na jira, na taɓa, har yanzu sanyi.

Maƙwabciyarmu ta ƙasa, wata nas 'yar Numan, ta ji kai-komona ta fito. Ta hura gawayi a bayan ɗakinta ta ɗora tukunya, ta ce a riƙa hawa da ruwan a bokiti kafin Allah ya kawo mafita. Ta kuma ba ni akwatin kayan aikin mijinta.

"Ki kashe wuta daga mita tukuna," ta ce. "Ba na son ki zo mini asibiti."

Na kashe. Na kwance murfin gindin hitar da sukundireba, na ga wayoyi da wani ɗan jan maɓalli. Na danna shi ya yi ƙas. Raina ya yi fari, na mayar da wuta, na zagaya falo, na wanke kofunan da aka riga aka wanke, na dawo. Ruwan bai ko yi ɗumi ba.

Mai jego ta leƙo daga ƙofa, jaririya a kafaɗa. Adda take ce mini, wato yaya, kamar yadda mijinta ke kirana.

"Adda, ki bari haka nan. Ko da na sanyi zan yi."

"Ba a gidana ba," na ce, da faɗan da ban yi niyya ba. Ta koma ciki.

Na sake kashe wuta, na rufe ruwa, na tsiyaye hitar a baho. Da sifana na kwance ƙarfen da ke dafa ruwan, da ƙyar, har fatar yatsana ta saluɓe. Da ya fito na gan shi lulluɓe da farin ɓawo kamar kanwa, gefe guda ya tsage ya yi baƙi. Ya yi ta ci ne babu ruwa har ya ƙone.

Na naɗe shi a leda na hau keke napep zuwa kasuwar Jimeta. A hanya aka tsayar da mu a shinge, soja ya buɗe ledar, ya juya ƙarfen da wayoyinsa, ya dube ni. Na yi ta bayani, hita, wanka, mai jego, har wani abokin aikinsa ya gane abin, ya ce a bar ni in wuce.

Mai shagon kayan wuta, wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ya ɗaga shi sama ya yi dariya.

"Madam, kai ne ka cire wannan? Ya mutu. Kada ka sake kunna shi babu ruwa."

Yana laluben sabo a kan kanta wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce, doguwa, irin ta Kamaru. Na ɗauka.

"Adda?"

Ban san lokacin da na zauna a kan kwalin wayoyi ba. Muryar ta dushe, amma ƙanena ne. Ya ce ta kan duwatsu suka tsallaka da ƙafa, wayarsa ta faɗi a rafi, wannan ta wani bawan Allah ce, ba zai daɗe ba.

"Sun iso? Tana lafiya?"

"Ta sauka. Mace."

Sai na ji yana ta hamdala, yana maimaitawa. Ya ce a sa wa yarinyar sunan mahaifiyarmu, kada a jira shi.

Na isa gida na faɗa musu tun daga matakala. Goggo ta zube a ƙasa ta yi sujada, mai jego ta rungume ni da jaririyar a tsakaninmu. Da kuka ya lafa na shiga banɗaki na ɗaura sabon ƙarfen. Karon farko ya yi yoyo, don na manta robar bakinsa, sai da na sake kwancewa. Kafin la'asar madubi ya rufe da tururi.

Ƙanena bai iso ba sai bayan arba'in, a rame, tafin ƙafarsa duk ya fashe. Da hanya ta buɗe suka koma gida ya sake kafa shagon. Yarinyar yanzu ta zama budurwa, ta fi uwarta tsawo. Hutun da ya wuce a wurina ta yi shi, tana ta naci sai na koya mata tuƙin mota.