Ba zan goge sunan Sa'adiyya ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun yi zaton na mutu. Ina nan da raina. Bakina ne ya huta, ku ma kuka huta.

Ga wanda bai san ni ba, turaren wuta nake sayarwa a Kasuwar Umdurman.

Abin ya fara ne wata safiya kafin yaƙi, ina auna wa wata mata turare. Cokali ya suɓuce daga hannuna na dama. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, maganar ta fito a karkace.

Yayana Usman ya kai ni mustashfa, wato asibiti, a Hartum. Hoton kai, awon jini, ƙarin ruwa. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ce, "Hajja, jini ne ya toshe wata jijiya a kanki. Ba ki san kina da hawan jini ba?"

Wallahi ban sani ba. Na ji tsoro sosai. Awarwarona na zinariya a nan suka tafi.

Da motsa jiki hannu ya dawo. Baki ma ya dawo, Usman ya ce, "Ƙanwata, wannan kam da ya ɗan ƙara jinkiri." Kan ne bai dawo duka ba.

Mu gaisuwarmu ba ta sannu-ka-wuce ba ce. Sai an tambayi uwa, an tambayi mai ciwon ƙafa, an tambayi wanda ya yi tafiya. A kasuwa da wannan aka san ni. Sai ga shi na tambayi wata maƙwabciyata jikin mahaifiyarta. Ta dube ni ta ce, "Hajja, ai da ke aka yi mata wanka da sutura."

Ranar na rufe shago na tafi gida ina kuka.

Likitar ce ta nuna min wata 'yar manhaja a waya. Ka rubuta sunan mutum, abin da kuka yi hira a kai, da abin da za ka tambaye shi in kun sake haɗuwa. Shi ke nan. In na hango mutum sai in leƙa wayar a ƙarƙashin tebur. Ta rufa min asiri.

Ƙawata Sa'adiyya takan ƙetaro gada daga Bahri duk Alhamis. Turaren ɗan kaɗan take saye, surutun ne mai yawa. Zuwanta na ƙarshe na rubuta: 'yarta Amal ta kusa haihuwa, ki tambaya.

Alhamis ta gaba yaƙi ya riga mu. Har yau lambarta ba ta shiga.

Masu manhajar suna ta turo saƙo wai in faɗi ra'ayina. To ga shi. Aikinku ya yi kyau, Allah ya saka. Amma duk mako sai manhajar ta ce min na daɗe ban yi magana da Sa'adiyya ba, in kira ta ko in goge ta. Kiran ba ya shiga. In kuwa na goge, kaina ba zai riƙe ba, wata rana zan farka ban san na taɓa yin ƙawa a Bahri ba. Don Allah ku ƙara wuri na uku, na waɗanda ake jira.

Na gode wa Allah, na gode wa Usman da likitata. Ku kuma ku riƙa auna jininku ko kuna jin garau. In baki ya karkace ko hannu ya mutu, a tafi asibiti nan take, kada a tsaya shafa mai.

Ina kewar Alhamis ɗina.

Wanda duk ya san inda Sa'adiyya ta Bahri take, doguwa mai wushirya, ya ce mata mai turare tana nan. Ya ce ina da tambaya. Amal ta sauka lafiya? Me aka samu? Yanzu ai abin da aka haifa ya isa gudu.