Mai Agogo da Tagar Sarki

Akwai wani laifi da ba ya kama dolo, sai mai kaifin ƙwaƙwalwa. Shi ne mutum ya haddace abu, ya ɗauka ya san shi. Na ga laifin nan ya shigo gidana, na kuma ga abin da ya ci. Amma ba don in tona asirin gidana na ɗauki biro ba, ni da rubutu ke ba wuya. Na ɗauka ne don in jinjina wa mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana yaƙi da wannan laifi a wani ɗan ɗaki bayan shagonsa, ba wanda ya taɓa miƙewa a gaban jama'a ya ce masa sannu. Yanzu yanar ido ta ci ƙarfinsa. Ƙarshen watan nan zai rufe shago.

Mai Agogo muke ce masa. Ni kafinta ne, shagona na kallon nasa, don haka na san yininsa kamar nawa. Ƙarfe bakwai ya iso, ya share ƙofar shago, ya bi agogunan bango ɗaya bayan ɗaya ya wana su. Sannan ya zauna, ya maƙala ɗan gilashinsa a ido ɗaya, ya ɗauki hantsaki, ya duƙa kan agogon wani. Ba rediyo, ba surutu. Ƙarfe huɗu na cika sai ya tura rabin ƙofa, ya wanke hannu da sabulu, ya buɗe ɗakin baya. Tebur uku ne a ciki da benci shida, duk aikin hannuna. Kan kowane tebur akwai allon ces.

Ga wanda bai sani ba, ces wata irin dara ce. Runduna biyu, fara da baƙa, kowace da sarkinta da sarauniyarta, da dawakai, da hasumiyoyi, da ƙananan sojoji takwas a sahun gaba. Wanda aka tsare sarkinsa ya rasa gidan gudu, shi aka ci. Sarauniya ita ce mafi ƙarfi, wanda ya rasa ta a banza ya gama yawo.

Ni da fari shiririta na ɗauke shi. Ranar da na kai masa tebur na farko na ce, "Kai Mai Agogo, da girmanka kana wasa da 'yan itatuwa?"

Ya ce, "Kafinta, kai ma ai da itacen kake ci. Ni dai ban taɓa buge yatsana da guduma ba."

Ga yadda yake koyarwa. Yana da wani tsohon littafi wanda ya yi wa bango da takardar buhun siminti. Cikinsa wasannin manyan gwanayen duniya ne, waɗanda suka mutu tun ba a haife mu ba, an rubuta taku bayan taku. Sai ya jera 'ya'ya a allo, ya riƙa karantowa yana matsarwa. Ana cikin tafiya, daidai inda wasan ya ɗauki zafi, sai ya ɗora murfin gwangwani kan shafin ya rufe taku na gaba.

"Kowa ya zauna kan hannunsa."

Kuma da gaske yake. Manya da gemu su tura tafin hannu ƙarƙashin cinya kamar 'yan firamare. Ba mai taɓa komai. Tambayarsa ta farko ba ta taɓa zama "me za ka yi?" ba. Kullum ita ce, "Me abokin karawarka yake so?" Sai ka amsa wannan zai bar ka ka faɗi naka. Taku ɗaya na iya cin yamma guda, shayi ya huce a kofi.

Direban bas ɗin layinmu, wanda a da ba a kwana uku bai yi cacar baki a titi ba, shi ya gaya mini da bakinsa cewa yanzu kafin ya wuce mota sai ya ji muryar tsohon a kunnensa: me wancan yake so? Mai aski kuma ya ce sau biyu ya ga ruwan sama ya hana kowa zuwa sai mutum ɗaya, Mai Agogo ya buɗe littafi ya yi masa darasi cif, kamar ɗakin a cike yake. Bai taɓa tambayar kowa ɗan wane ne shi ba. In ka zo, ga benci.

Cikin duk waɗanda suka zauna bencin nan, ba a yi mai ƙwaƙwalwa kamar autana ba. Ba yabon ɗa nake ba, Mai Agogo ne ya faɗa. Auta kan ga wasa sau ɗaya ya maimaita shi daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Tare da shi akwai wata yarinya mai aiki a asibitin unguwa, Nas muke ce mata. Ita a hankali take. Sai kowa ya amsa ta amsa, wani lokacin ma ta ce, "Baba, ban gani ba tukuna, a ƙara mini lokaci."

Akwai wani wasa a littafin da Mai Agogo ke ji da shi. Duk shekara sai ya ɗauko shi, kuma mako uku yake ba shi. A taku na goma sha tara, gwanin da ke riƙe da farare ya ɗauki sarauniyarsa ya ajiye ta a bakin hasumiyar abokin karawa, kyauta. Wancan ya cinye. Da hasumiyar ta bar wurinta, sai layin baya ya zama ba mai gadi. Farar hasumiya ta gangaro ta tsare baƙin sarki. Sojojinsa uku na tsaye gabansa kamar katanga, bai da ta inda zai fita. Wasa ya ƙare.

Ranar farko ta wannan darasi Auta ya miƙe yana dariya.

"Baba, na riƙe shi. In maimaita maka?"

"Na san za ka iya. Zauna. Gobe za mu nemi inda baƙi ya faɗi."

"Ai ga shi nan, taku na sha tara."

"Nan aka binne shi. Ba nan ya kamu da ciwon ba."

Auta ya zaro wayarsa ya ɗaga. "Baba, abin da kuke mako uku a kai, wannan kafin ka ƙifta ido ta faɗa maka."

Mai Agogo ya dube shi ta saman tabarau. "Ranar gasa za su bar ka ka shiga da ita?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Auta bai ji daɗi ba. Ya fita, kuma bai sake taka ɗakin nan ba har shekara uku. Na yi faɗa, na yi fushi, uwarsa ta yi lallashi. Ya ce tsohon na ɓata masa lokaci. Kuma gaskiya yana ta cin mutane a gari, sai na ƙyale shi. Kullum da safe zai wuce ta gaban shagon ya ɗaga hannu daga nesa. Kullum Mai Agogo zai amsa, "Auta, bencinka na nan."

Abin da bai tsaya ya ji ba, Nas ta ji shi sau uku. A mako na biyu Mai Agogo kan koma baya taku ɗaya-ɗaya har na goma sha biyu. A nan baƙi ya sami sarari, sai ya matsar da wani soja can gefe mai nisa. Da sojan gefen sarkinsa ya matsar taki ɗaya, da ya buɗe wa sarkin taga. Da tagar nan, kyautar sarauniya ba gwaninta ba ce, asara ce tsagwaronta.

Bara aka shirya gasa a babban zauren ɗakin karatu na gari. Kujera ɗaya tak aka ba garinmu a gasar ƙasa, kuma Auta ya shekara biyar yana mafarkinta. Har jaka ya saya. Aka yi ta zubar da mutane, ranar ƙarshe da hantsi ya rage shi da Nas. Shi da farare, ita da baƙaƙe.

Muna tsaye a baya ni da Mai Agogo. A lokacin idonsa ya soma hazo, ba ya hango allon, ni ke raɗa masa abin da aka taka in na hango. Ba a yi taku takwas ba ya ce, "Kafinta, hanyar littafi suka bi." Auta na taku kamar mai zuba tsaba, ko kallon allo ba ya cika yi. Nas kuwa hannayenta na ƙarƙashin cinya.

Can Mai Agogo ya damƙi hannuna. "Duba mini. Sojan gefen sarkinta, yana gidansa ko ya matsa?"

Na leƙa. "Ya matsa taki ɗaya."

"Tun yaushe?"

"An jima."

Ya saki hannuna. A zauren gasa ɗan kallo ba ya magana, ko tari mai ƙarfi sai a fitar da kai. Ya ce a hankali, kamar mai addu'a, "Zauna kan hannunka, ɗana. Zauna kan hannunka."

Auta bai zauna ba. Taku na goma sha tara na zuwa ya ɗauki sarauniya ya dangwara ta a bakin hasumiya, ya danna agogon da ke ƙidaya wa 'yan wasa lokaci, ya jingina da kujera yana murmushi. Nas ta daɗe tana kallo. Sannan ta zaro hannu ta cinye. Auta ya gangaro da hasumiyarsa ya tsare sarki. Sarkin ya haura taki ɗaya ya shige taga. Na ga murmushin ya bushe a fuskar ɗana. Ya ja wasan taku goma, sannan ya kwantar da sarkinsa ya miƙa mata hannu.

Ni a raina na ce ya yi daidai, gobe ma ya ƙara. Na zaci Mai Agogo zai tafi taya ɗalibarsa murna ya manta da mu. Ya taya ta, har da hawaye. Amma washegari ƙarfe bakwai, lokacin da bai taɓa saɓa wa shagonsa ba, sai ga sallamarsa a ƙofar gidana, allo a hammata. Auta na kwance ya juya wa duniya baya.

"Tashi, ɗana. Na zo mu duba wani wasa."

"Baba, ka yi haƙuri. Ba na son ganin littafin nan."

"Ban zo da littafi ba. Naka za mu duba. Idona ba ya gani sosai, kai za ka jera mini."

Suka zauna a tsakar gida. Ya bi wasan ɗana taku bayan taku, da irin girmamawar da yake ba manyan gwanaye. Inda ya yi kyau ya ce ya yi kyau. Da suka iso na goma sha biyu, sai tsohon ya kife tafin hannunsa kan takardar da aka rubuta wasan.

"Me take so?"

Auta ya dubi allon. Sannan na ga ya tura hannayensa ƙarƙashin cinya, ƙwalla na zubo masa. Ban ji tsohon ya ce "ai na gaya maka" ba, ko sau ɗaya. Ni da ke laɓe bakin ƙofa da maganar a bakina, sai na haɗiye ta.

Kai ne, Mai Agogo, mai gyaran abin da ke gudu da abin da ke jinkiri. Kai ne ka ajiye wa ɗana benci shekara uku, lokacin da ni ubansa na fid da rai. Ba ka taɓa zuwa gasar ƙasa ba, ba a taɓa buga hotonka ba, amma hannaye nawa ka koya wa jira? Na gode. Uwar Auta ta ce in ce ta gode. Nas, wadda za ta karɓi makullin ɗakin baya, ta ce littafin zai zauna inda ka saba ajiye shi, kuma ranar da ka ga dama ka zo, ita za ta karanto maka. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya.

Ku kuma masu sana'a a hannu, ku yi koyi da shi: ku buɗe ɗakin baya, ku koyar a hankali, kada ku rufe ƙofa don wani ya yi fushi ya fita. Ku matasa, in kun sami tsoho irin wannan, ku zauna har ya gama magana.

Ga lissafin abin da ɗana ya rasa, da izininsa nake faɗa. Ya rasa sarauniya. Ya rasa kujerar gasa. Ya rasa shekara uku na zama gaban malaminsa, a lokacin da malamin ke ganin allo tar. Sarauniya ana sake jera ta gobe. Gasa za a sake yi baɗi. Shekara ukun nan kuwa, ba shagon da ake gyara su.