Bindigar da Ba Ta Haye Tabkinmu Ba

Shekaranjiya wata jikata za ta rijiya, tana tafe tana kaɗa bido, jarkar ɗibar ruwa, da tafin hannu, shi kuwa da yake ba komai a cikinsa sai ya riƙa amsawa, ɓum, ɓum. Na bi ta da kallo har ta sha kwana. Da irin wannan ƙarar kakana yake gwada goransa na fito kafin ya sa shi a ruwa, ya buga, ya kasa kunne ya ji ko ya tsage.

Na san za ka yi dariya in na ce maka a Damargu muna da tsibiri. Kowa ya san mu da rairayi da gero da doguwar igiyar guga. To amma yamma da ƙauyenmu, tafiyar yini ɗaya daga Tanut, akwai wani kwari da yake cika da damina ya zama tabki, a tsakiyarsa kuma ga wani tudu da bai fi gonar tsohuwa ba. Da rani da ƙafa muke zuwa can, muna taka busasshiyar laka tana ƙaras-ƙaras. In ruwa ya sauka kuwa, wata uku ko huɗu ba mai taka shi sai mai fito ya haye da shi. Akwai bagaruwa da aduwa a kansa, da wani babban gawo wanda yakan kaɗe ganyensa da damina, sheƙar tsuntsaye ta maye gurbi. Belbela, dinya, gauraka, duk suna nan, amma shamuwa ce mai gida. In iska ta juyo, har cikin gari kana jin hayaniyarsu da warin kashinsu.

Ba a taɓa shamuwa a wurinmu. Ita ke zuwa da labarin damina, kuma manyanmu sun ga yunwar da aka yi kafin a haife ni, wadda ko ambatonta ba sa so. Yaron da ya jefi shamuwa, duk babban da ya gan shi yana da ikon zane shi, uwarsa kuma ta yi godiya.

Kakana na wajen uba shi ne mai fiton garin. A tsibirin yake shuka duma, ya zaɓi mafi girma ya yi gora. Mai hayewa ya rungumi goran ta gefe ɗaya, shi ya kama hannuwansa ta ɗaya gefen, yana harba ƙafa har su kai. Kaya kuwa a masaki yake sa su ya tura. Yana da tsarinsa da ba ya sauyawa: mutum tukuna, sai guzuri, sai kaya, kowanne sawu guda. Matan da yake kaiwa ɗibar tafasa da rama kullum cikin mita suke, wai ya fi hawainiya nawa, shi kuwa sai ya ce mai sauri ga ruwa nan, ba a rufe shi ba. Ni amaryarsa yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na son miji mai warin laka.

Shekarar da nake famfara, gero ya fitar da kai yana jiran ruwa ɗaya ko biyu ya cika ido, sai sama ta ɗauke. An fi mako guda kowa na kallon gabas. Ana cikin haka, wata rana da hantsi, motoci biyu suka ɓullo ta hanyar ayari da ta taso daga Damagaram za ta Agadas. Ranar na fara ganin mota, kuma ba zan ɓoye maka ba, bayan rumbu na gudu. Wani Nasara ne da matarsa, da tafinta Badamagare, da gardi guda, wato dogarin gwamnati. Mun zaci haraji ne ko ɗibar mutanen aikin hanya, sai tafinta ya ce a'a, ƙasa kawai suka fito gani. Aka rasa mai gane zancen. Mutum ya baro garinsu, ba fatauci ba, ba ziyarar dangi ba, ba Makka ba? Kakata ta ce wannan ƙoshi ne, ba wani abu ba.

Tsuntsayen suka hango daga hanya, su suka tsayar da su. Nasaran ya ce a kai su tsibiri, ya kuma sa aka fito masa da bindiga mai baki biyu. Nan fa kowa ya dubi mai gari. A zamanin ba a ce wa Nasara a'a, balle wanda ya zo da takardar kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin. Mai gari, Allah ya ji ƙansa, ya iya zamewa, sai ya ce ai maganar ruwa ta mai fito ce, a kira shi. Ka ga an ɗora wa tsoho ke nan. In ya ƙi, ga gardi da bulala, wataƙila har a tasa shi gaba zuwa bariki. In ya kai bindiga aka harbi shamuwa, ruwa kuma ya ƙi zuwa, har ya mutu shi ne mutumin da ya kashe wa gari damina, mu ma sunan zai bi mu.

Ya zo da goransa, ya buga, ya saurara, sa'an nan ya dubi tafinta.

"Gaya masa ruwan nan da tsarinsa. Mutum tukuna, sai guzuri, sai kaya. Ƙarfe shi ne na ƙarshe."

Rabin maganar gaskiya ce, na ƙarfen kuwa ranar ni ma na fara ji. Nasaran ya ɗaga kafaɗa, ya miƙa wa gardi bindigar. Aka fara da matar, ta rungumi gora da malafarta a ka, tana ƙyalƙyala dariya. Sai mijin, mai tumbi, wanda ya sha ruwan tabkinmu ya fi sau biyu. Sai tafinta, da ke ta fankama a gaɓa, amma da ruwa ya kai masa wuya babu addu'ar da bai karanto ba. Daga nan kwandon abinci, sawu guda. Kujerar zane, sawu guda. Akwatin hoto, sawu guda, ƙafafunsa uku kuma nasu sawun daban. Da aka gama wannan kakana ya ce azahar ta yi, ya tsaya ya yi sallar da ban taɓa ganin mai tsawonta ba. Gardi ya matsa masa, kakana ya ce gora ya sha ruwa, sai ya ɗan sha iska.

Ina zaune kusa da shi a gaɓa. Na ga ƙafafunsa suna rawa, na ɗauka sanyin ruwa ne. Na ce masa mai warin laka, ko kallona bai yi ba. A nan tsoro ya kama ni sosai.

Daga inda muke muna hango baƙin. Da farko tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya, suka yi ta kewaya, da suka ga ba abin da ya faru suka dawo suka sauka. Tafinta ya ba da labari daga baya, wai matar ta zauna tana zana su a takarda, 'ya'yan shamuwa na tafiya dab da ƙafarta, mijin kuma ya cusa kai cikin baƙin ƙyallen akwatinsa ya manta da kowa.

Bayan la'asar dabara ta ƙare. Kakana ya naɗe bindigar da rigarsa, ya sa a masaki, ya shiga ruwa. Matan gari suka juya baya. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, sai muka ga Nasaran yana ɗaga hannu, muryar tafinta ta biyo ruwa.

"Baba, ya ce a bar ta! Rana ta tafi, zo ka mai da mu."

Bayan kwana huɗu aka yi ruwa, gero ya cika. Ban ce don haka ba ne, Allah shi ya san abinsa, amma mun ci tuwo a shekarar.

Da wata damina ta zagayo sai ga wasu baƙin, bayansu wasu, don na farkon sun kai labari. Ba yawa gare su ba, mota biyu ko uku a shekara, amma sun isa su sauya gari. Mai gari ya sa aka yi rumfa a gaɓa. Mata suka riƙa kawo nono da ƙwan zabi, Buzaye suka kawo jakunkunan fata da zobban azurfa, samari suka koyi fito, kakana na ta faɗa wai suna ɗibar mutane kamar buhun gishiri. Mu kuma gwangwanayen da suka bari suka zama tukwanen wasanmu. Abin mamaki, kowane baƙo da kansa yake barin bindigarsa a mota, tafintansa ya ce ai sun ji ƙarfe ba ya haye wannan ruwa.

Sai da na yi hankali na tambayi kakana abin da zai yi da Nasaran bai ɗaga hannu ba.

"Da na kai masa ita," in ji shi. "Ina da 'ya'ya, ina da ku. Abin da na iya ke nan, in ja rana, Allah kuma ya yi sauran."

Yau rairayi ya cike kwarin, ruwan da ƙyar yake wata guda, kwalta ta bi ta wani wuri, baƙi sun daɗe da daina zuwa. Shamuwa ta ragu, amma tana sauka, kuma har gobe ba maharbin da ke kusantar tudun. In ka tambayi yaran yanzu za su ce maka hani ne tun na kaka da kakanni, wasu har su haɗa da aljanu. Ba na gyara musu, don hanin yana aiki, kuma raina yana daɗi da haka. Amma ni ina gaɓa ranar da aka fara shi, na kuma ga wanda ya fara, wani tsoho ne tsirara daga ƙugu zuwa sama, ƙafafunsa na rawa don tsoro.