Fasinjar Gaban Marsandi

Tun ina yaro nake jin cewa mai Marsandi ba ya sauke gilashi, ba ya amsa sallama, kuma hon ɗinsa yana riga gaisuwarsa isowa. Shi ya sa da baƙar Marsandi ta tsaya gefena a layin gidan mai, tuni na ɗaure fuska.

Sai ga gilashi a sauke. Dattijo ne mai furfura a gemu, tabarau a karan hanci, yana kaɗa yatsu a sitiyari, yana bin waƙar rediyo da muryar da ba ta san hanya ba. A kujerar gaba kuwa tukunyar ƙasa ce da dashen lemo a ciki, an ɗaure ta tsaf da bel. Jifa-jifa yakan miƙa hannu ya gyara ganyen a hankali. Ina jin ya daɗe yana ba da umarni a wani ofis, yanzu kuma a gida yake karɓa.

Mai zuba mai ta leƙa ta ce, "Baba, wannan fasinjar fa?"

Ya ce, "Ke dai bari, 'yata. Shekara uku mai ɗakina tana neman irin wannan lemon. Ganye ɗaya ya faɗi, ni da motar a waje za mu kwana."

Ga shi can ya hau titi yana tafiyar hawainiya. Wani mai keke a bayansa ya gaji, ya kaɗa masa ƙararrawa. Marsandi ta raɓe, ta ba shi hanya.